Da tsohuwar zuma ake magani: tayar da babur ɗin da ya daɗe kwance

 

Duk wanda ya saba shiga gidajen tsofaffin ma'aikata a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. A kusurwar zaure, ko bayan rumbu, ko ƙarƙashin rumfar awaki, akan tarar da wani abu lulluɓe da tsohuwar tabarma. In aka ɗaga tabarmar sai a ga babur ne, tayoyinsa sun sace, kusu ya cinye soson sirdinsa, kaza ta mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Mai shi ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya, ɗiyansa kuwa sun sayi sababbi ƙirar ƙasar Sin. Shekara 10, shekara 20, babu wanda ya taka shi. Ranar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta unguwar da amalankensa, sai a ɗora shi bisa sikeli a sayar kilo-kilo, kamar fasasshiyar tukunya.

Wannan asara ce da gidaje da yawa ke yi ba tare da sun sani ba. Galibin waɗannan babura an jingine su ne saboda ƙaramar cuta: ko esansi ya daina isa cikin inji, ko wuta ta ɗauke a buji. Mai shi ya ce sai ƙarshen wata, wata ya zama shekara, tsatsa da ƙura suka ƙarasa aikin. Injin kansa sau da yawa lafiyarsa lau. Abin da tayar da shi ke bukata shi ne haƙuri da bin abubuwa daki-daki, kuma kuɗɗin da za a kashe ba su kai abin da mutane ke tsammani ba.

Dokin da aka ƙera don irin hanyoyinmu

Bari mu ɗauki misalin Honda CG125, wanda yana cikin baburan da aka fi tararwa a irin wannan hali. Kafin kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1975, ya aika injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya har zuwa Pakistan da Iran, su ga yadda talakawa ke tafiyar da baburansu. Suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya mutum 3 ko 4 da kaya, ba a canza man inji sai ya zama kamar kwalta, matatar iska kuma ta toshe da ƙura har ta yi tauri. Saboda haka suka ƙera inji mai silinda ɗaya, mai girman santimita kubik 124, wanda abin da ke motsa sufaf ɗinsa yake can ƙasa kusa da man inji, yana tura su da sanduna biyu. Ko an yi sakaci da mai, kan injin ba ya saurin ƙonewa. Suka kuma sa masa matatar iska ta soso, wadda ake wankewa a mayar. A 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Brazil, a 1979 kuma Honda ta kafa kamfaninta na harhaɗa babura a Najeriya.

Lokacin ya zo daidai da shekarun da kuɗɗin uraniyom ke shigowa ƙasarmu, zamanin mulkin Seyni Kountché. Malamin makaranta, da malamin gona, da malamin asibitin ƙauye, kowa burinsa ya mallaki babur ƙirar Japan. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga waje sai ya yi tashin gwauron zabo, har da kayan gyara. Daga shekarun 2000 kuma baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, ƴan kabu-kabu suka rungume su. Nan ne tsofaffin suka koma zaure.

Sai dai akwai wani abin daɗi a cikin wannan labari. Da yawa daga cikin baburan Sin masu lamba 125 an kwaikwayi injin CG ne wajen ƙera su. Don haka fistan, da zobbansa, da juwan, da wayoyin birki da na ambirayaji, sau da yawa ana samun waɗanda suka dace a kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai. A dai riƙa tafiya da tsohon a hannu, a gwada shi da sabon kafin a biya.

Kafin a taɓa kile

Aikin farko ba na garaji ba ne. In babur ɗin na marigayi ne, to dukiyar magada ce, komi tsatsarsa. A zauna da ƴan'uwa a yi masa kuɗɗi, wanda ke so ya saye ko a sa shi cikin rabonsa, gaban shaidu. Babur ɗin da babu mai kallonsa yana kwance, ranar da ya tashi yana ƙyalli kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. Sannan a nemo kartagiris, a duba lambar da ke jikin takarda ta yi daidai da wadda aka buga a wuyan ƙarfen babur. Wanda ya kashe jikkunansa bisa babur marar takarda, ranar da ya gamu da jandarma a hanya zai san bai gama aiki ba.

Abu na biyu shi ne a hana yaran gida, da manyansu ma, hawa kan kik suna tsalle. Injin da ya shekara da shekaru bai juya ba, zobban fistan kan manne da jikin silinda, kuma ƙarfin ƙafa na iya karya su. A kwance buji, a zuba man inji kamar cokali 2 ta ramin, a bar shi kwana 2 ko 3. Bayan haka a sa babban bitesi, a riƙa tura babur gaba da baya a hankali har a ji injin ya saki. In ya juya, a toshe ramin buji da babban yatsa a taka kik. Idan iska ta ture yatsan da ƙarfi, alhamdu lillahi, zuciyar injin na nan. Idan kuwa babu ƙarfi, a fara duba tazarar sufaf, wadda ya kamata ta kasance milimita 0,08 lokacin da inji ke da sanyi, tun kafin a yi maganar buɗe inji.

Daga nan a zubar da tsohon mai. Ƙasan injin, ta gefen hagu, akwai babban murfi mai ƴar rariya a ciki. A wanke ta. Sabon man da za a zuba bai cika lita 1 ba, a auna da sandar da ke jikin murfin zubawa. A leƙa bututun hayaƙi da akwatin matatar iska, domin zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a ciki, kusu kuma na tara tsumma. Sau nawa aka kwance inji ɗungurungum, alhali gidan zanzaro ne ya hana shi numfashi.

Hanyar esansi

Inji na cin abinci ne bisa ƙa'ida: a ma'aunin nauyi, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na esansi. Karbirater shi ne mai dama wannan fura. In ya dama da kauri inji ya shaƙe, in ya tsinke da yawa inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi.

Amma kafin karbirater akwai tanki. Esansin da ya daɗe a ajiye, mai sauƙin cikinsa kan tashi ya bi iska, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai warin tsohon fenti. Raɓa kuma na taruwa a ƙasan tanki ta haifar da tsatsa. Wanda ya wanke karbirater bai wanke tanki ba, wankan jaki ya yi, gama kafin ya kai bakin kasuwa dattin ya sake sauka. A cire tanki, a kwance robine, a zuba ƙananan notuna cike da hannu tare da kananzir, a girgiza sosai a zubar. Tsatsar da ta rage, ruwan binegar na cinye ta cikin kwana 1 ko 2. A ɗauraye da kyau, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, a zuba esansi nan da nan don kada sabuwar tsatsa ta kama. Muna kuma jan kunne: kada a kusanto da ashana ko taba don leƙa cikin tanki, kada a kai shi wurin mai walda yana da warin esansi. Tankin da ake gani wayam ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. A sa sabon tiyo, a kuma ɗaura ƴar matata a tsakaninsa da karbirater. Ko da yake matatar man SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram tun 2011, masu babura da yawa sun saba da sayen na kwalba a bakin hanya, wanda ƙura da ruwa ke iya shiga. Wannan ƴar matata mai araha ita ce mai tsaron ƙofa.

Yanzu sai karbirater, wanda a wannan babur ƙirar Keihin ne. A shimfiɗa farin ƙyalle bisa tire, domin ƙananan kayan cikinsa in suka faɗa rairayi sun tafi ke nan. A kwance ƙoƙon da ke ƙasa. Cikinsa akwai fulotar, wato abin da ke yawo bisa esansi yana tura wata ƴar allura mai suna pwanto, ita kuma ta rufe hanya in ƙoƙon ya cika. In fulotar ta tagulla ce, a girgiza ta kusa da kunne. In an ji ruwa a ciki, ta huje. In bakin pwanto ya yi zobe saboda cin da ya yi, a canza shi. Waɗannan biyun su ne ke sa a ga babur a tsaye yana zubar da esansi ta ƙasa.

Sai jiklar, ƴan ƙananan bututun tagulla masu rami, guda 2. Babban na aiki ne in an murɗa mai ana gudu. Ƙaramin shi ke riƙe inji in babur na tsaye, kuma raminsa ɗan ƙarami ne ƙwarai, don haka shi ke fara toshewa. Ga alamarsa: babur ya tashi in an rufe marfin iska, ya mutu da zarar an buɗe, ko kuma ba ya zama sai ana murɗa masa mai. A jiƙa su cikin ruwan wankin karbirater ko ruwan lemun tsami mai ɗumi, a hura da famfon taya, a ɗaga su sama a ga hasken rana ya ratsa. In ya zama dole a tsokana, a yi da silin wayar lantarki ta jan ƙarfe, mai laushi. Allurar ɗinki da wayar birki suna faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Daga ranar babur ya zama mashayi. Kafin a cire bis ɗin da ke daidaita cakuɗar iska da esansi, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya tsaya, a rubuta adadin, don a mayar da shi inda aka same shi.

Za a sami mai gyaran da zai ce a yar da tsohon a sa sabo na Sin, tunda yana shiga daidai. Shiga kam yana shiga, sai dai ramukan jiklar ɗinsa ba lalle su zo daidai da abin da injin ke so ba. Muddin gangar jikin tsohon ba ta tsage ba, wanke shi ya fi. Araha ba ta ado.

Hanyar wuta

Mutane da yawa in babur ya ƙi tashi sai su ruga sayen batiri. A CG na farko-farko, mai bolt 6, wutar buji ba daga batiri take zuwa ba. Tana fitowa ne daga bolan, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen hagu na inji. Batiri na oda ne, da fitilun juyawa, da fitilar birki. Duk da haka a sa sabo, gama wanda ya shekara babu caji ya riga ya mutu, kuma in babu batiri mai kyau wutar kan yi yawa ta ƙona ƙwayayen fitila. A kula kada a sa mai bolt 12 inda aka yi don mai 6. Sai a ƙirar baya ne aka koma bolt 12 da akwatin CDI.

Gwajin wuta ba shi da wuya. A sa sabon buji mai tazarar milimita 0,6 zuwa 0,7 a cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da esansi, a taka kik cikin inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake nema. In ja ne mai rauni, ko babu sam, sai a bi sawu daga mai araha zuwa mai tsada.

A fara da hular buji: a kwance ta, a yanke ɗan guntun bakin wayar da ya yi kore, a mayar. Sai makulli. A baburan Honda, koriyar waya ita ce mas, wato mai komar da wuta jikin ƙarfe, baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce ta kashe inji. Makulli na kashe inji ne ta hanyar haɗa wannan waya da jikin babur. Ke nan in kusu ya gwaguye rigarta ta taɓa ƙarfe a wani wuri, ko cikin makulli ya yi datti, babur zai zauna a kashe ko da an murɗa makulli. A cire ta daga makullin a sake gwadawa. Sannan a kankare duk inda koriyar waya ta kama ƙarfe, har wurin ya yi haske. Fitila mai lumshewa da oda mai muryar tsohuwar akuya, yawancinsu ciwon mas ne.

In har yanzu shiru, sai a buɗe murfin bolan. Ta ƴar tagar da ke jikinsa za a hango wasu ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, waɗanda masu gyara ke kira bis-filatine. Daidai lokacin da suka buɗe ne bobin ke harba wuta zuwa buji. Zaman banza kan sa fuskarsu ta yi dattin da ke hana wuta wucewa. A goge su da takardar gogewa mai laushi, a share da tsabtataccen ƙyalle, a daidaita tazararsu tsakanin milimita 0,3 da 0,4. A jikin bolan akwai haruffa 2, T da F. Ya kamata bakin ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin inji. Tsofaffin masu gyara kan sa siririyar takarda a tsakani suna juya bolan da hannu. Inda takardar ta saki, nan ne ya buɗe. Akwai kuma kondansater, ɗan ƙaramin gwangwani mai hana bakin ƙonewa. In ya gaji, za a ga tartsatsi mai yawa a bakin, babur ya tashi da safe lafiya, in ya yi zafi ya riƙa tari yana yankewa. Bobin ce ta ƙarshe da za a tuhuma, amma abin takaici ita ake fara sayarwa mai babur.

Wanda zai riƙa hawa kullum zuwa gona ko wurin aiki, yana iya sa a mayar masa da wutar ta zama ta CDI, in an sami bolan da ya dace, kuma wannan ba laifi ba ne. A dai adana tsofaffin kayan cikin gwangwani, kada a yar.

Tashin inji ba shi ne ƙarshen aiki ba

Ranar da babur ya yi tari ya kama, hayaƙi ya turnuƙe gida, yara suka yi shewa, ranar ce ta fi kowace haɗari, domin kowa zai so ya zagaya unguwa. A dakata. Taya mai shekara 20, ko zanenta bai goge ba, robarta ta bushe. A gefen taya akwai lambobi a ƙarshen rubutun DOT: in 4 ne, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, in 3 ne, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. A canza taya da tib duka. A buɗe birkin gaba da na baya, gama fatar birki kan ɓamɓare daga ƙarfenta bayan dogon zama, ta kulle ƙafa ana cikin gudu. Kada a hure ƙurar ciki da baki, domin tsofaffin fatun birki na iya ƙunsar wani sinadari mai lahani ga huhu. A share da jiƙaƙƙen tsumma. A duba sarƙa, da wayoyin ƙafa, da wayar birki. A nemi asiransi da hular kwano. Fenti shi ne na ƙarshe, in kuɗɗi sun ragu.

Abin da ya fi babur ɗin tsada

Duk abin da muka zayyana, akwai dattawan da suka san shi kamar yunwar cikinsu. Su ne waɗanda suka koyi aiki zamanin da kayan gyara ke da wuyar samu, sai dai a gyara na jiki. Suna jin ƙarar inji su ce maka sufaf ne ko wuta ce ta yi gaba. Yau da yawansu suna zaune bakin garajin ɗiyansu, ido ya yi rauni, ba a tambayarsu komi, tunda aikin yanzu cirewa ne da sakawa. Aparanti na iya gama shekarun koyonsa bai taɓa ganin bis-filatine ba. Laifin ba na yaran ba ne, abin da kasuwa ta kawo musu ke nan. Amma yaron da ya koyi bin sawun cuta tun daga tanki har buji, zai gyara injin ban-ruwa a fadama, da janareto, da injin niƙa, kuma ba zai sa talaka sayen abin da bai lalace ba.

Saboda haka wanda ke da irin wannan babur a gida, shawararmu ita ce ya nemi ɗaya daga cikin dattawan nan ya ce masa: «Baba, ga dokin mahaifinmu, a taimaka a duba mana shi.» Ya biya shi haƙƙinsa da mutunci, ya kuma roƙi a sa yaro ɗaya ko biyu su zauna kusa suna miƙa kile suna kallo. Masu garaji su ma su ba da wannan dama. In kuwa bayan bincike an tarar ƙarfen babur ya karye ko injin ya fashe, to a sayar da kayansa ɗaya-ɗaya ga masu irinsa, ya fi a kai shi sikeli.

Ga masu baburan da ke tafiya yanzu, rigakafi ya fi magani. In za a ajiye babur fiye da wata 1, a rufe robine, a bar inji ya shanye abin da ke cikin karbirater har ya mutu da kansa, a cire wayar batiri, a ɗaga tayoyi daga ƙasa, a toshe bututun hayaƙi da tsumma. Aikin minti 10 ne.

Nan za mu dasa aya. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman tsofaffin masu gyara da suka fi mu sanin wannan fanni, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, amin.